Waiwaye: Tsofaffin Kuɗi da Masu Sayar da Su a Ƙasar Bauchi

Kowane sauyin kuɗi da hukuma ta yi a ƙasar nan ya bar ragowa a hannun jama'a, kuma wannan ragowar ita ce hajar da 'yan koli da maƙeran farfaru da dillalan tsofaffin kaya suka riƙa kasawa a kasuwannin Bauchi shekara da shekaru. Saboda haka tarihin wannan sana'a yana bin tarihin kuɗin ne sawu da ƙafa.

A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Bauchi Yakubu da magadansa, wuri ne kuɗin cefane da na haraji. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne da ke Tekun Indiya, ana shigo da shi ta hamada, daga baya kuma ta bakin teku. Wuri 100 shi ne zangu, wuri 20,000 kuma keso, wanda kaya ne na ƙato guda. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin liyari ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. Da 'yan kasuwar Turai suka cika gaɓar teku da wani wurin mai araha daga Gabashin Afirka, sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama ladan ɗan dako yana cinye wani kaso mai tsoka na kuɗin da ya ɗauko idan tafiyar ta yi nisa. Shi ya sa fatake suka fi son ƙulla babban ciniki da liyari, wato kuɗin azurfar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Taresa a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya fuskar.

Turawa sun ci Bauchi a 1902, aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe a 1903, sannan a 1904 aka hana shigo da wuri. Abin da ya kashe wuri da gaske shi ne haraji, domin da hukuma ta nace sai da kuɗinta za a biya, tilas manomi ya sayar da amfanin gona ko ya tafi aikin kuza a tsaunukan Jos, waɗanda suke cikin Lardin Bauchi har zuwa 1926. Kuɗin ƙarfe na farko da aka buga wa wannan yanki sun fito a 1907: kwabo da anini, wanda goma ɗinsa ke yin kwabo ɗaya. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka koma wani farin ƙarfe mai ƙwari a 1908. Wanda ya riƙe kwabon wancan zamani a tafin hannu zai ga huda a tsakiya, da kambin sarauta a samanta, da rubutun Larabci a ƙarƙashinta, in ya juya kuma ya ga tauraro mai tsini shida. Hudar ta yi amfani ƙwarai, domin mutane kan zura kuɗin a igiya su ɗaura a ƙugu, kamar yadda suka saba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, shekara guda bayan haka kuma aka fito da taro da sisi da sule da dala (wato sule biyu) na azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, jama'a suka riƙa binne sulallan ko su kai wa maƙeri, sai hukuma ta sauya su da na ƙarfe mai ruwan ɗorawa daga 1920.

Daga nan ne sana'ar ta samo asali, ko da yake ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Tsohon kuɗi yana zaune ne a gefen tabarmar ɗan koli, cikin gwangwani ko ƙaramin akushi, kusa da allura da kwalli da madubi da duwatsun wuya. Masu sayensa iri-iri ne. Matan Fulani suna neman na azurfa don adon kitso, masu ɗinkin kayan doki suna neman aninai, 'yan bori da masu duba suna neman wuri, kafintoci kuma sun sha sanya anini a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano, tunda hudarsa ta dace da aikin. Sai kuma baƙi: malaman makaranta Turawa, da injiniyoyin da suka kawo layin dogo Bauchi a 1961 da Gombe a 1963, da masu zuwa buɗe ido Yankari. Waɗannan baƙin ba ado suke nema ba, shekara suke dubawa da sunan sarki, kuma daga tambayoyinsu ne tsofaffin dillalai suka gane cewa kwabo biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta a daraja.

Ilimin da waɗannan dattawa suka tara ya cancanci a girmama shi, domin yawancinsu ba su yi boko ba, da ido da kunne suka koye shi. Dillali kan saki sule a kan dutse ya saurara: na azurfa yana da ƙara mai tsawo, na jabu kuwa yakan yi ƙara guntuwa ya mutu. Yakan duba ƙananan haruffan da ke nuna masana'antar da ta buga kuɗin, H ko KN, dukansu a yankin Bamingam ta Ingila. Ya san a keɓe kwabo da ɗari (wato rabin kwabo) da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a Disamban wannan shekarar, domin Ingila kanta ba ta fitar da kuɗi da sunansa don kashewa ba, amma Afirka ta Yamma ta fitar. Idan mai saye ya ɗauki liyari yana murnar ya sami abin 1780, ya ce, "Baba, nawa za ka sallama mini wannan?", dillali mai amana yakan gaya masa gaskiya kafin a yi ciniki: duk liyarin da aka buga bayan rasuwar sarauniyar a 1780 wannan shekarar yake ɗauke da ita, ko da kuwa a ƙarni na 20 aka buga shi, don haka darajarsa tana ga azurfar da ke cikinsa, nauyin liyarin gaba ɗaya kuwa giram 28 ne. Wannan amanar ita ce jarin mutumin, tunda babu takardar shaida, kuma wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa.

A ranar 1 ga Yulin 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ya fitar da kuɗin ƙasa, kuma zanen da aka yi musu ya nuna abin da ƙasar ke ci da shi: auduga a kan taro mai kusurwa 12, koko a kan sisi, ganyen kwakwar manja a kan sule, gyaɗa a kan dala. Manomin Gombe da Kumo, inda auduga ta gina gari, yana ganin gonarsa a kan taron da aka biya shi. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, kuma wannan canjin ne ya fi cika gwangwanayen 'yan koli, saboda tsofaffi da dama ba su kai nasu banki ba, wasu ma sun rasu ba su faɗi inda suka binne asusu ba. Har yau idan ana rushe tsohon ginin ƙasa a cikin ganuwa akan ci karo da tukunya.

Abin da ya biyo baya gajere ne. An mayar da sulai biyar da naira ɗaya na ƙarfe a 1991, aka sake fito da sababbi har da naira 2 a 2007, amma tsadar kaya ta riga ta wuce su, kasuwa ta ƙi karɓa. Yaron da aka haifa bayan nan bai taɓa sayen ko alawa da kuɗin ƙarfe ba.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan sha'awa ta sami gida tun tuni. An kafa ƙungiyar masana tsofaffin kuɗi a Landan a 1836, ta Amurka kuma a 1891, kuma suna da bukukuwan baje koli inda dillalai ke jera tebura, a duba kaya da gilashin ƙara girma, a daidaita farashi da littafi. A wajenmu ranar kasuwa ce ta tsaya a madadin wannan, kuma ta yi aikinta muddin dattawan suna raye. Illar ita ce babu abin da aka rubuta, ga shi 'ya'yansu sun koma sayar da kayan waya. Babban Bankin Nijeriya ya buɗe gidan tarihin kuɗi a Abuja a 2009, abin a yaba, amma ɗalibin Misau ko Dukku ba zai je Abuja don ya ga anini ba.

Gurbin da dillalan suka bari ya faɗa hannun mutum biyu. Na farko ɗan gwangwan ne, wanda ke auna tsohon kuɗi a sikeli tare da murfin tukunya da tsohuwar waya, ya biya kuɗin kilo, a kai a narkar. Na biyu ɗan damfara ne mai yaɗa labarin wai akwai jar zaiba a cikin tsohon kwabo ko dutsen guga ko keken ɗinki, wai wani Bature zai biya miliyoyi. Babu wannan sinadari, kuma labarin ya jawo asara ta fuska biyu: wasu sun biya kuɗin "gwaji" sun tashi a tutar babu, wasu kuma sun farfasa ko sun goge abin gadonsu da toka da lemun tsami, alhali gogewa tana rage darajar tsohon kuɗi a wurin masu tara shi. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce yawancin kwabban nan an buga su da miliyoyi, ba za su azurta kowa ba, amfaninsu na tarihi ne.

A ganina abin da Bauchi ke bukata bai fi ƙarfinta ba. Hubbaren Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda hotonsa ke kan naira 5, yana karɓar ɗalibai dama, ga kuma sassan tarihi a jami'o'in jihohin Bauchi da Gombe. Ana iya keɓe yini guda a shekara a gayyaci sauran tsofaffin 'yan koli da maƙeran azurfa su zo da gwangwanayensu, a ɗauki bayaninsu da murya, a jera kuɗin daga wuri zuwa naira 2 ta 2007, kowanne da sunansa na Hausa da abin da yake saye a zamaninsa. Wanda kuma ya haƙo tukunya a gidansu ya rubuta unguwar da zurfin ramin, ya ɗauki hoto kafin magada su raba.