Koren zobe a jikin gwaiduwa ba alamar ruɓewa ba ce

An daɗe ana cewa idan aka yanka dafaffen ƙwai aka ga launi kore-kore ko ruwan toka ya zagaye gwaiduwa, to ƙwan ya lalace, wasu ma su ce guba ce. Shi ya sa ranar Sallah, lokacin da ake dafa ƙwai da yawa don ɗorawa kan shinkafa ko salak, wasu uwargida ke zubar da shi. Ba laifinsu ba ne, launin ba ya ba da sha'awa.

Ga abin da ke faruwa. Farin ƙwai yana ɗauke da sinadarin sulfa, gwaiduwa kuma tana da sinadarin ƙarfe. Idan ƙwai ya daɗe a wuta, zafi kan saki sulfar ta haɗu da ƙarfen daidai inda fari ya taɓa gwaiduwa, sai launin ya fito. Ba ya cutarwa. Iyakacinsa gwaiduwar ta bushe, ɗanɗano ya ragu.

Kowa zai iya gwadawa a gida. A ɗauki ƙwai biyu na rana ɗaya. Na farko a cire shi minti 10 zuwa 12 bayan ruwa ya tafasa, a tsoma shi nan take cikin ruwan sanyi. Na biyu a bar shi minti 25. A yanka, a kwatanta.

Baragurbi kuwa hanci ne ke gane shi. Abin kiyayewa na gaske shi ne barin dafaffen ƙwai ya wuni a zafi. A firji yana iya yin mako guda.

Don Allah a tura wa 'yan uwa da abokan arziki wannan bayani.