Karkaɗa wutsiya a wurin maciji

Karkaɗa wutsiya ɗabi'a ce da ake gani a macizai iri-iri, na daji da waɗanda ake kiwo a gida cikin akwati ko kwando. Wanda ya saba da kare yakan ɗauka murna ce, alhali kuwa a mafi yawan lokuta tsoro ne da gargaɗi. Macijin yakan naɗe jikinsa, ya ja wuyansa baya, bakin wutsiyar kaɗai ke rawa da sauri kamar ana kaɗa tsinke. In wutsiyar ta taɓa busasshen ganye ko jikin akwati, sai a ji wani ƙara kamar na ƙwaro a cikin gwangwani.

Wanda ya fi shahara da wannan shi ne maciji mai caki na nahiyar Amurka, wanda babu shi a Afirka. A ƙarshen wutsiyarsa akwai ƙawanya-ƙawanya na busasshen abu irin na farce, kuma duk lokacin da ya yi saɓa sai guda ta ƙaru. Yana iya girgiza ta kusan sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ya fi haka in jikinsa ya ɗauki zafi. Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna alamar cewa karkaɗawar ta girmi cakin: macizai sun daɗe suna yi kafin wasunsu su samu abin da ke ƙara musu amo. Shi ya sa macizai marasa dafi da Turawa ke kiwo, irin macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, suke yi, musamman ƙanana da ba su saba da hannu ba.

Akwai wata karkaɗawa ta daban, ta farauta. Ita a hankali ake yin ta: macijin ya lafe, ya binne jikinsa a yashi ko ganye, ya bar bakin wutsiya tana murɗawa kamar tsutsa, ƙadangare ko kwaɗo ya matso ya afka baki. A ƙasar Iran akwai wani mai dafi da masana suka bayyana a 2006, wanda ƙarshen wutsiyarsa ya yi kama da gizo-gizo, da shi yake yaudarar tsuntsaye. Lokacin barbara ma wutsiya na motsi, namiji yana laluben ta mace da tasa, ita kuma ta ɗaga. Haka nan maciji na ɗaga wutsiya in zai yi kashi, abin da masu kiwo kan gane da wuri.

A arewacin Kamaru da kudancin Cadi

Nan abin ya ɗan sha bamban, domin manyan macizan yankin ba da wutsiya suke gargaɗi ba. Kasa tana kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Gamsheƙa ta miƙe ta fasa kai, wata ma ta feso dafi a ido. Ƙaramar mesar nan da ake kwasa daga Gana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka, ita dunƙulewa take yi ta cusa kai a tsakiya, kamar gammo.

Kububuwa ce ke ruɗa mutane. Manomi a kwarin Binuwai wajen Garwa, yana ɗaga damin dawa ko tsibin kara, sai ya ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi, ya ce wutsiya take kaɗawa. Ba haka ba ne. Lanƙwasa jikinta take yi, ta riƙa goga gefe da gefe, fatar nan mai kaushi kamar zarto ita ke fitar da sautin. Gajera ce, ba ta cika kai kamu biyu ba, amma dafinta na hana jini daskarewa, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankin savana na Afirka. Macijin nan mai haɗiye ƙwai, wanda ba shi da dafi, yana kwaikwayon wannan gogar sak, abin da kan jawo masa sanda a banza.

Gardawan da ke wasa da macizai a kasuwannin Marwa da Injamena sun fi kallon wuya da kai fiye da wutsiya, don daga nan sara ke fitowa. Ga mai kiwo, in macijinsa ya fara karkaɗa wutsiya, abin yi shi ne ya janye hannu, ya bar shi ya huce, ya kuma duba ko akwatin na da wurin ɓuya. Macijin da ke dab da saɓa, idonsa ya yi hazo, ba ya gani sosai, ya fi saurin firgita, kuma a irin wannan lokaci ko abinci yakan ƙi.