Daga farauta zuwa rumbu: yadda ɗan Adam ya fara noma

Farauta da tsince-tsince ita ce rayuwar da ɗan Adam ya fi daɗewa a cikinta. Ƙasusuwan mutum irin namu da aka tono a Jebel Irhoud ta ƙasar Maroko sun kai wajen shekara 300,000, shi kuwa noma dududu bai wuce shekara 12,000 ba, kaga kenan jiya-jiya ne. Mutanen wancan lokaci ƴan ƙananan ayari ne, suna bin namun daji da ruwa, su tono saiwa, su ɗebi zuma da ƴaƴan itace, makamansu na dutse da ƙashi, in abinci ya ƙare a waje su ƙara gaba. Wanda kullum yake tafe baya tara kaya, shi yasa babu wani mai kuɗi a cikinsu.

Noman farko da aka sani a yankin Iraki, Siriya, Turkiyya da Falasɗinu aka yi shi, alkama da sha'ir, sai awaki da tumaki. Kuma ba wai wani ne ya tashi rana ɗaya yace yau na ƙirƙiro noma ba. Hatsin daji da ya nuna zubewa yake a ƙasa, to masu tsinta sai su fi samun zangarniyar da ta riƙe tsabarta, ita suke kaiwa gida, ita suke shukawa, shekara da shekaru ana haka har irin ya canza ya koma ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum.

A namu ɓangaren kiwo ne ya riga noma. Sahara ɗin nan da muke gani rairayi, a da ciyawa ce da tafkuna, zanen shanu da raƙuman dawa na nan jikin duwatsun Tassili na Aljeriya da Azbin na Nijar, kuma kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a Yobe a 1987 ya kai wajen shekara 8,000. Da ruwa ya janye mutane suka gangaro kudu. Gero an same shi a kwarin Tilemsi na Mali tun wajen shekara 4,500 da suka wuce, dawa kuma daga gabashin Sudan ta fito. Mutanen Nok na kudancin Kaduna, waɗanda aka fara cin karo da gumakansu na laka a 1928 wajen haƙar kuza, gero da wake suke nomawa, daga baya suka iya narka tama.

Wahala dai ba ta ragu ba, ƙasusuwan manoman farko a wurare da yawa sun nuna ciwon haƙori da gajarta fiye da na mafarauta. Amma rumbu ya shigo, kuma shine ya juya komai. In akwai damin da zai kai wata kaka dole a zauna a tsare shi, dole a samu mai rabo da mai gadi, maƙeri da mai ginin tukwane su ci ba tare da sun riƙe fartanya ba, daga nan sai ganuwa, sai sarauta da haraji. Ko rubutun farko na Sumer, wata tsohuwar ƙasa a kudancin Iraki, wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yawancinsa lissafin hatsi da dabbobi ne.

Nan Zazzau ma tsoffin matsugunai gindin duwatsu suke, irin su Turunku da Kufena, inda ga wajen ɓuya ga ƙasar noma a kusa, kuma masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka tama a Samaru, unguwar da yau cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke fitar da sabon irin dawa da wake.