Kafin a zuba tumatir: gargaɗi ga mai son haɗa sloppy joe

Uwargida, wataƙila kin taɓa cin karo a intanet da hoton burodi mai zagaye da aka tsaga biyu aka ɗura masa niƙaƙƙen nama cikin jar miya mai kauri, miyar tana ɗiga ta gefe. Shi ne Amurkawa ke kira sloppy joe. Sunan ma tsokana ce, don kalmar farko na nufin abu caɓa-caɓa, mai ɓata hannu da gaban riga. Labarin da aka fi bayarwa shi ne wani kuku mai suna Joe a garin Sioux City na jihar Iowa ya fara zuba miyar tumatir a kan soyayyen niƙaƙƙen nama a shekarun 1930. A 1969 kamfanin Hunt's ya fito da miyarsa a gwangwani da sunan Manwich, abincin ya ƙara zama na gida-gida da na makarantun yara, wanda uwa za ta dawo daga aiki ta haɗa cikin rabin awa.

Haɗin ba wuya. Rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa, albasa ɗaya, koren tattasai, tafarnuwa, kofi guda na miyar tumatir ko kecaf, ɗan mustad, ɗan binega, sukari kaɗan. A soya, a bari ya yi kauri, a zuba cikin burodi. Zai ishi mutum huɗu zuwa shida. Saurin nan shi ya sa ake son sa, kuma a wurin saurin ne mu ma'aikatan lafiya muke da magana.

Na taɓa tsayawa a kicin ɗin wata 'yar uwa tana haɗa shi. Ta zuba nama a kasko, ta juya sau biyu, yara na ta kukan yunwa a falo, sai ta kai hannu ga kwanon tumatir. Na ce mata, "Yaya, dakata tukuna." Na karɓi cokalin na fasa wani dunƙule da ya yi launin ƙasa a waje. Cikinsa ja wur. Da tumatirin ya shiga, shi ke nan, komai ya zama ja, ba idon da zai iya raba ɗanye da dafaffe.

Me ya sa muke matsa wa niƙaƙƙen nama haka, alhali ba ma yi wa tsire ko balangu irin wannan bin diddigin? Akwai ƙwayar cuta mai suna E. coli O157:H7 da ke zaune a hanjin shanu ba tare da ta sa musu ciwo ba. Wajen fiɗa takan hau jikin nama. In tsoka ce guda, ƙwayar tana waje, wuta na lasarta ta mutu. Amma injin niƙa yana kwashe abin da ke waje ya cuɗa shi har tsakiya, sau da yawa ma naman dabbobi daban-daban ne ke haɗuwa a niƙa ɗaya. Amurka ta koyi wannan da hawaye. A farkon 1993 fiye da mutum 700 suka kamu bayan cin hambaga, wato curin niƙaƙƙen nama cikin burodi, da ba ta dahu ba a gidajen abinci na Jack in the Box, akasarinsu a jihar Washington, yara huɗu suka rasu. A 1994 ma'aikatar gona ta ƙasar ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da aka samu wannan ƙwaya a cikinsa. Ƙa'idar da take bayarwa har yau ita ce zafin tsakiyar naman ya kai digiri 71 a ma'aunin Selsiyus.

Mafi yawan gidajenmu ba ma'aunin zafin abinci, na sani. To a yi haka: a soya naman shi kaɗai da albasa, ana farfasa shi da bayan cokali har ya warware kamar dambu, ba dunƙule ko ɗaya. Sai an daina ganin ja gaba ɗaya sannan a tsiyaye kitsen, a zuba tumatir. Launi kaɗai ba shaida ba ne, domin nama kan iya canza launi bai dahu ba, don haka a bar miyar ta tafasa a hankali minti goma zuwa goma sha biyar, ana juyawa. Kada a ɗanɗana gishiri kafin nan. Cokalin da ya taɓa ɗanyen nama da farantin da aka ajiye shi kada su koma kan dafaffe, burodin kuma a yanka shi da wata wuƙar, bayan an wanke hannu da sabulu.

In a kasuwa za a niƙa miki, ki zaɓi tsokarki da kanki, ki dubi injin. Injin da ya yini yana aiki cikin rana, ragowar naman safe maƙale a bakinsa, gara ki wuce shi ki daddatsa naki a gida. Niƙaƙƙen nama ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu a firij. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ranar da aka niƙa ranar za a dafa.

Ragowa ma da dokarta. Kada ta wuce awa biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce tak, wanda a watan Afrilu kusan kullum ke nan. A firij kwana uku zuwa huɗu, in za a ɗumama sai ta tafasa sosai.

Wata 'yar magana kan kecaf: cokali ɗaya na cin abinci yana ɗauke da sukari kusan giram 4, ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5. In kin sa kecaf, ki rage dunƙulen ɗanɗano, ki manta da ƙarin sukari. Ni dai na fi son markaɗen tumatir da tattasai, a goga karas a ciki, yara ba sa ma lura.

Ciwon da ƙwayar E. coli ke jawowa ba ya nunawa a daren da aka ci. Yawanci sai bayan kwana uku ko huɗu: murɗawar ciki mai tsanani, gudawa, sau da yawa da jini, wani lokaci amai. A ba da ruwan gishiri da sukari, a kai asibiti. Kada a sayo maganin tsayar da gudawa ko kafso a kemis a ɗura wa yaro, suna iya ƙara dagula lamarin. 'Yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi su ne abin tsoro, don gubar ƙwayar na iya taɓa ƙoda wajen mako guda da fara gudawar, daidai lokacin da ake ganin an samu sauƙi. In fitsarin yaro ya ragu, ya yi fari fat, jikinsa ya mutu, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.