Kallon jiragen ƙasa da ɗaukar hoton tsofaffin siginonin layin dogo

Kallon jiragen ƙasa sha'awa ce da ta fi ƙarfi a Birtaniya, inda mutum kan tsaya a bakin tasha ko a kan gada yana rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce, ko yana ɗaukar hotonsa. A cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga siginar da ke ba jirgin hanya, musamman tsohuwar sigina mai hannu da ake kira semafo: dogon turke ne mai ɗauke da hannu na ƙarfe ko na katako, wanda ma'aikaci ke ɗagawa ko saukewa ta hanyar jan waya daga ɗakin sigina. Ana ta cire irin waɗannan siginoni ana maye gurbinsu da fitilun lantarki, shi ya sa masu ɗaukar hoto ke bin su layi bayan layi kafin a tumɓuke su.

Asalin sha'awar

Tun ƙarni na 19 ake samun masu rubuta sunaye da lambobin jirage a ɗan littafin aljihu. Abin ya bazu ne bayan 1942, lokacin da Ian Allan, matashin ma'aikaci a kamfanin Southern Railway, ya buga ɗan littafi mai jera lambobin kawunan jiragen kamfanin. Yaro ya sayi littafin, duk lambar da ya gani da idonsa sai ya ja mata layi. A shekarun 1950 bakin manyan tashoshi irin su Crewe da York kan cika da 'yan makaranta ranar Asabar. Rahoton da Richard Beeching, shugaban hukumar layin dogon ƙasar, ya fitar a 1963 ya jawo rufe layuka da tashoshi masu yawa, sannan a watan Agustan 1968 jiragen gawayi suka daina aiki a manyan layukan ƙasar. Daga nan da yawa suka ajiye fensir suka ɗauki kyamara, suka koma ga abin da ya rage na tsohon zamani: gine-ginen tasha, ɗakunan sigina da siginonin kansu.

Tarihin sigina mai hannu

A farkon zamanin layin dogo, ɗan sanda ne ke tsayawa a gefen hanya yana ba direba alama da hannu ko da tuta, kuma ana raba jirage ne da lokaci: in jirgi ya wuce a jira wasu mintoci sannan a saki na bayansa. In na gaba ya lalace a daji, babu wanda ya sani. Ana danganta sigina mai hannu ta farko ga Charles Hutton Gregory, wanda ya kafa ta a New Cross, kan layin Landan zuwa Croydon, wajen 1841 ko 1842. A 1856 John Saxby ya yi rajistar dabarar haɗa libobin sigina (sandunan ƙarfe da ma'aikaci ke ja da hannu) da na masauyin layi (abin da ke karkatar da jirgi daga wani layi zuwa wani), yadda ba za a iya ba jirgi hanya ba sai an daidaita layin da zai bi.

Haɗurra biyu ne suka gyara fasalin siginar. A watan Janairun 1876, a Abbots Ripton, dusar ƙanƙara ta daskare hannayen sigina a cikin ramin da suke shigewa a jikin turke, suka maƙale suna nuna hanya a buɗe take alhali akwai jirgi a gaba. Bayan wannan karo aka koma barin sigina a kan "tsaya" kullum, ba a buɗe ta sai jirgi na tafe, kuma kamfanin Great Northern ya fito da hannu mai juyawa a tsakiyarsa, nesa da jikin turke. Na biyu shi ne na Armagh a ƙasar Ireland, ranar 12 ga Yuni 1889, inda taragai cike da 'yan makarantar Lahadi suka gangaro da baya suka yi karo da wani jirgi, mutum 80 suka rasu. A shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta abu uku ga layukan fasinja: kulle libobi da juna, hana jirgi biyu shiga yanki ɗaya na layi, da birki mai kama kansa a duk taragai.

Da can hannun sigina sauka yake yi ƙasa don nuna hanya. Daga shekarun 1920 uku daga cikin manyan kamfanoni huɗu na ƙasar suka koma ga hannu mai tashi sama digiri 45, saboda in wani ƙarfe ya karye nauyin hannun ne zai dawo da shi kwance, wato "tsaya". Na huɗun, Great Western, ya tsaya a kan mai sauka, yana dogara da nauyin ƙarfen da ke riƙe gilasan fitila don ya maido da hannun. Shi ya sa har yau in aka ga hannu yana nuna ƙasa, galibi ana kan tsohon layin wannan kamfani ne a yammacin Ingila ko Wales.

Yadda take aiki

Siginoni manya iri biyu ne. Ta tsayawa ja ce mai farin zane a tsaye, bakinta a yanke miƙe; in tana kwance, jirgi ba ya wuce ta. Ta gargaɗi rawaya ce mai baƙin zane, bakinta kamar wutsiyar kifi, ana kafa ta can nesa, daidai tazarar da birki ke buƙata. Direba na iya wuce ta tana kwance, amma ya san dole ya rage gudu don ta gaba na iya kasancewa a rufe. Bayan kowane hannu fari ne da baƙin zane. Da dare fitila ɗaya ce ke bayan gilasai biyu da ke motsi tare da hannun. Gilashin da ke ba da kore, in an dube shi da rana, shuɗi-shuɗi ne, domin harshen wutar kananzir rawaya ne, haɗuwarsu ce ke fitar da kore. A da, fitilun kananzir na ƙarshe da aka yi amfani da su kan ci kimanin kwana takwas, mai kula da su yana hawa tsani sau ɗaya a mako ya zuba mai, ya gyara lagwani, ya goge gilashi. Yawancin da suka rage yanzu an sa musu ƙwan lantarki.

A ɗakin sigina libobi na jere da launinsu: ja na siginar tsayawa, rawaya na ta gargaɗi, baƙi na masauyin layi, shuɗi na makullinsa, fari kuwa wanda ba ya aiki. Mai sigina ba ya kama liba da hannu tsirara, sai da ƙyalle, don gumi na sa tsatsa a goggen ƙarfen. A ƙarƙashin bene ne makullan suke, sandunan ƙarfe masu tsaga da ke shiga juna. Liba ba za ta motsa ba sai waɗanda ya kamata su riga ta sun motsa. Masauyin layi da sandar ƙarfe ake tura shi, kuma ƙa'ida ta taƙaita nisansa daga ɗaki zuwa yadi 350. Sigina kuwa waya ce ke jan ta a kan ƙananan kurori, tana iya wuce kilomita guda. Nan matsalar zafi da sanyi take: ƙarfe na ƙara kusan milimita 12 a kowace kilomita in zafi ya hau digiri ɗaya, don haka bambancin digiri 20 tsakanin asuba da azahar na iya sa waya mai tsawon kilomita ta saki da kusan santimita 24. In ta saki, hannu ba ya tashi sosai. In ta ɗame da sanyi, ba ya komawa kwance sarai, wanda shi ya fi haɗari. Akwai abin ɗaure waya a cikin ɗakin don gyara wannan.

Ɗakuna maƙwabta na magana da ƙararrawa. Bugu ɗaya neman hankali ne, huɗu a jere tambaya ce ko akwai hanya ga jirgin fasinja mai sauri, uku da ɗaya ga mai tsayawa tasha-tasha, biyu jirgi ya shigo yankinka, biyu da ɗaya ya fita. Mai kallo da ke tsaye kusa da ɗaki lokacin zafi, taga a buɗe, yana iya sanin abin da ke tafe tun daga kunnensa.

Sauyawa da abin da ya rage

A 1948 akwai ɗakunan sigina kimanin 10,000 a Birtaniya. A farkon shekarun 2010 kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogon ƙasar, ya bayyana shirin tattara aikin ɗakuna sama da 800 da suka rage zuwa manyan cibiyoyi goma sha wani abu. Aikin bai tafi da saurin da aka faɗa ba, amma yana tafiya. An cire siginonin Barnetby a ƙarshen 2015, na Banbury a 2016, na wani sashe na gaɓar arewacin Wales a 2018, na layukan Norwich zuwa Great Yarmouth da Lowestoft a Fabrairun 2020, sannan ɗakunan Truro, Par da Lostwithiel a Cornwall suka rufe a farkon 2024. A layin Cambrian na Wales, tun wajen 2011 umarni ke fitowa a allon gaban direba, babu sigina a gefen hanya. Har cikin shekarun 2020 ana samun masu hannu suna aiki a Worcester, a layin Settle zuwa Carlisle, a gaɓar Cumbria da wasu sassan Scotland. Ɗakin Severn Bridge Junction na Shrewsbury, wanda aka gina wajen 1903, yana da liba 180, kuma shi ake ɗauka mafi girman irinsa da ke aiki a duniya. A 2013 an sa ɗakuna 26 cikin gine-ginen tarihi na Ingila, sai dai wannan kariya ta tsaya ga ginin, ba ta hana cire siginonin da ke waje. Ana taƙaddama kan ko kuɗin sauyawa na biyan kansa a layukan karkara masu ƙarancin jirage.

Ɗaukar hoto

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran makon ƙarshe. Watanni kafin sauyi ma'aikata kan sare bishiyoyi, su shimfiɗa kwalbatin wayoyi, su kafa akwatunan lantarki da sababbin siginoni da aka rufe musu fuska ko aka sa musu alamar gicciye. Da zarar an ga waɗannan, kamannin wurin na asali ya riga ya tafi. Cirewar kanta cikin kwanaki kaɗan ake yin ta, layi a rufe.

Fuskar hannu direba take kallo. Wanda ya tsaya gaban jirgi don ya sami goshinsa, farin bayan hannun zai samu. Wanda ke son jan fuskar a ɗage, bayan jirgin zai ɗauka yana tafiya. Samun goshin jirgi tare da jan hannu a ɗage sai an ba wani jirgin hanya a ɗaya layin a daidai lokacin, abin da ke buƙatar nazarin jadawali da haƙuri. Mai sigina kan maida hannu da zarar jirgi ya wuce, don haka daƙiƙu kaɗan ne ake da su. Wayar kan yi ƙara a kan kurori kafin hannu ya motsa, wannan ce sanarwar farko.

Jirgi mai gudu na buƙatar saurin ƙiftawar kyamara na 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa, da buɗewar ido wajen f/8 don jirgi da turke su fito tare. Gilashi mai janyo nesa, na milimita 70 zuwa 200, yana matso da siginoni da ke warwatse su zama kamar a jere. Sararin sama mai haske na yaudarar kyamara ta rage haske, hannun ya fito baƙi ƙirin. Maganinsa a ƙara haske da mataki ɗaya, ko a nemi tudu yadda bishiyoyi za su zama bayan hannun. Da dare sai da mazauni mai ƙafa uku da buɗewa ta daƙiƙu da yawa, kuma hasken fitilar siriri ne, an saita shi ga idon direba, wanda ya kauce gefe da yawa ba zai same shi ba. Magariba ta fi, lokacin da hannu da fitila duka ke ganuwa.

Hoton da ba shi da bayani rabin aiki ne. Masu abin da gaske kan rubuta kwanan wata, sunan ɗakin da ke jan siginar, lambar libarta, ɓangaren da take kallo, da wurinta a ma'aunin layin dogo na mil da sarƙa, inda sarƙa 80 ke yin mil ɗaya. Sukan ɗauki ƙananan sassa ma: nauyin da ke gindin turke, kurorin waya, tsani, ƙawar da ke kan turke. Ƙungiyar Signalling Record Society na tara zane-zanen ɗakuna da irin waɗannan bayanai.

Doka da tsaro

Shiga cikin shingen layin dogo laifi ne a Birtaniya, tararsa na kaiwa fam 1,000. Wayoyin sama na ɗauke da bolt 25,000, ƙarfe na uku da ke gefen layi yana ba jirgi lantarki a kudancin Ingila kuwa 750. An yarda da ɗaukar hoto a bakin tasha, amma a sanar da ma'aikata, a tsaya bayan layin rawaya, kuma ba a kunna filasha a fuskar direba. Ɗakin sigina wurin aiki ne, ba a shiga sai da izini. Mai son ganin ciki ya nufi layukan adana tarihi irin su Severn Valley da Great Central, ko tsohon ɗakin Exeter West da aka sake ginawa a Crewe.

Wasu ƙasashe

A Amurka waɗanda suka fi daɗewa su ne na jihar New Mexico, kan hanyar jirgin Southwest Chief, masu aiki da injin lantarki. A Japan ƙaramin layin Tsugaru ya riƙe nasa. Jamus ma na da ragowar nata a wasu tashoshi.

Layin dogon Najeriya mai faɗin milimita 1,067 ya gaji tsarin Birtaniya, har da sigina mai hannu. Layin ya isa Kano daga Baro a 1911, aka haɗa shi da Legas a 1912, ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1,435, da siginar lantarki aka gina shi. Tashoshin Najeriya wurare ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, don haka sai an nemi izinin shugaban tasha kafin a fito da kyamara.