Mene ne injin sukuru mai sarrafa kansa?

Injin sukuru mai sarrafa kansa wani nau'in injin sassaƙar ƙarfe ne da ake zura wa dogon sandan ƙarfe ta baya, shi kuma ya riƙa juya sandan yana fiƙe shi, ya yanka masa haƙora, ya datse abin da ya kammala, sannan ya turo sandan gaba ya soma wani, duk ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Ko da yake da sukuru ya yi suna, yana ƙera ƙananan sassan mota da na agogo da na keken ɗinki.

A da, da magagari ake fitar da haƙoran sukuru, shi ya sa notin wannan maƙeri ba ya hawa sukurun wancan. Wajejen 1800 Henry Maudslay ya ƙera inji a Landan mai yanka haƙora daidai wa daida, a 1841 kuma Joseph Whitworth ya fito da ma'auni ɗaya da masana'antun Ingila suka bi daga baya. Amma har a lokacin sai mutum ya tsaya yana murɗa hannuwan injin.

Christopher Spencer, Ba'amurken da ya riga ya shahara da ƙera bindiga, shi ne ya yi rajistar injin da ya sallami wannan mai tsayuwa a 1873. Dabararsa ita ce wata gangar ƙarfe mai juyawa a hankali, wadda aka ɗaure wa tsinkayen ƙarfe a karkace. Duk tsinken da ya zagayo sai ya ture wani hannu, hannun ya kawo wuƙa, ko ya janye ta, ko ya buɗe bakin da ke riƙe da sandan. Wato a jikin ƙarfe aka rubuta umarnin aikin, tun ba a san kwamfuta ba. Wahalar duk ta koma wurin saiti, domin gwani kan ɓata sa'o'i yana daidaita injin, amma da ya kankama, mutum ɗaya kan kula da injuna da dama.

A wancan zamanin ne kuma maƙeran agogo na Suwizalan suka ɓullo da nasu salon, wanda garin Moutier ya zama cibiyarsa. A nasu injin sandan ne ke tafiya gaba ta cikin wani zobe, wuƙar kuma tana yanka dab da bakin zoben, don kada siririn ƙarfen ya lanƙwashe.

Yanzu kwamfuta ta karɓe aikin gangar a mafi yawan masana'antu. Sukurun da ake saye a kasuwa ma galibi ba sassaƙa shi ake yi ba: waya ake datsawa, a buga mata kai, a murza ta tsakanin ƙarafa biyu har haƙora su fito.