Jerin yawan amfani da kalmomi wajen koyon Lojban

Lojban ƙirƙirarren harshe ne da ƙungiyar Logical Language Group ta fara ginawa a shekarar 1987, bisa harsashin Loglan, wani ƙirƙirarren harshen da James Cooke Brown ya assasa a 1955. Ɗaya daga cikin hanyoyin haddace kalmominsa ita ce bin jerin yawan amfani: a tara rubuce-rubuce, kwamfuta ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito, sannan a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Hujjar yin haka ita ce abin da masanin harshe George Zipf ya lura da shi, cewa 'yan kalmomi kaɗan ne ke cinye kaso mafi tsoka na kowane zance.

Tushen kalmomin Lojban, waɗanda ake kira gismu, sun kai kusan 1,350. Kowace tana da harafi biyar, kuma an tsamo sautinsu daga Sinanci, Hindi, Ingilishi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Mai haddace su bisa tsarin abacada zai ɓata lokaci kan kalmomin da ba kasafai ake buƙatarsu ba, tun bai kai ga prenu, wato mutum, ko tavla, yi wa wani magana ba. A nan jerin yake da rana.

Sai dai saman jerin ba gismu ba ne. Ƙananan kalmomin nahawu ne da ake kira cmavo, irin su lo, cu, mi da nu. Ban da kaɗan kamar mi, wato ni, yawancinsu ba a fahimtarsu sai cikin jimla. Shi ya sa aka fi raba jerin gida biyu, a yi wa gismu katin hadda a manhaja irin Anki, cmavo kuma a koye su tare da nahawu.

Ko gismu ɗin ma, ma'ana ɗaya ba ta wadatar. Kowace tana ɗauke da gurabe. Klama, wato tafiya, tana da biyar: mai tafiya, inda ya nufa, inda ya fito, hanyar da ya bi, da abin da ya hau. Dunda tana da uku: mai bayarwa, abin da aka bayar, da mai karɓa. Wanda ya rubuta "tafiya" kawai a bayan katin klama ya haddace kalmar amma bai iya amfani da ita ba, kuma ƙirgen kwamfuta ba ya nuna wane gurbi aka fi cikewa. Haka kuma harɗaɗɗun kalmomi, lujvo, suna ɓoye gismu cikin gajerun siffofi da ake kira rafsi, don haka ƙirgen na iya rage wa wata kalma matsayi.

Akwai kuma batun inda aka samo rubutun. Masu amfani da Lojban ba su da yawa, abin da suka rubuta galibi hirar intanet ce da fassarori, har ma da muhawara kan harshen kansa. Kalmomin da suka shafi harshe da magana kan haye sama fiye da kima, na girki da noma su koma can ƙasa. Tsofaffin rubuce-rubuce sun fi yawan amfani da le, wadda ita ma cmavo ce, na baya-bayan nan kuma sun fi sa lo a madadinta, saboda haka shekarar da aka yi ƙirgen tana sauya jerin.